Yadda Ake Gano Abin da ke Cinye Fad ɗin Birkin Baya a Motar A-kori-kura, da Yadda Ake Gyara Shi

A ƙa'ida birkin gaba ne ke shan mafi yawan wahalar tsayar da mota. Da an taka birki nauyin mota yakan rinjaya gaba, shi ya sa fad ɗin gaba, wato abin da ke matse faifan da ke juyawa tare da taya don ya tsayar da ita, ya fi girma, kuma shi ake sa ran ya riga ƙarewa. To idan a-kori-kurarka ta cinye na baya tun na gaba bai kai rabi ba, ko ta cinye na hagu ta bar na dama, ko na ciki ya kai ƙarfe alhali na waje kamar jiya aka sa shi, akwai dalili. Abin da aka fi yi a gareji shi ne a ciro tsohon a wurgar, a sa sabo, a ce "Alhaji, wancan jabu ne." Wani lokacin jabun ne. Amma sau da yawa bayan 'yan watanni motar kan dawo da ƙarar nan ta ƙarfe kan ƙarfe, wannan karon har faifan birkin ya tafi.

Saboda haka kada ka bari a jefar da tsohon fad. Yanayin cinyewarsa shi zai nuna maka inda matsalar take, kuma duk aikin da za mu bi a nan a kansa ya dogara.

Fara da sanin irin birkin da ke bayan motarka

Ba kowace a-kori-kura ke da fad a baya ba. Galibin Hilux da L200 da D-Max da ke yawo a hanyoyinmu ganga ce gare su a baya, da lainin a cikinta. Haka Tacoma take har zuwa samfurin 2023. Masu faifai da fad a baya sun haɗa da Tundra daga 2007, da F-150 daga 2004, da Nissan Titan, da Ram 1500. Leƙa ta tsakanin ramukan wili za ka gani. Idan taka mai ganga ce, batun tiyo da wayar birkin hannu da oyil sil (robar da ke hana man aksil yoyo) da lodi duk sun shafe ka, batun kalifa ne kawai ba naka ba, wato ƙarfen da ke rungume da faifai yana matse fad a jikinsa.

Kalifar baya a irin waɗannan motoci mai zamewa ce. Fistan yana gefe ɗaya, ta ciki. Idan ka taka birki, man birki ya tura fistan, fistan ya matsa fad na ciki a jikin faifai, sannan ita kalifar ta zame a kan fil guda biyu ta janyo fad na waje ya matse ta ɗaya gefen. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, babu wani sifirin mai ƙarfi da ke mayar da fad baya idan ka ɗaga ƙafa. Robar da ta zagaye fistan ce ke ɗan lanƙwashewa lokacin matsi, ta dawo daidai ta janye shi da ɗan abin da ido ba zai gani ba. Ƙarfin wannan roba kaɗan ne ƙwarai. Ɗan tsatsa, ko busasshen giris, ko laka, ya isa ya rinjaye ta, sai fad ya ci gaba da gogar faifai kana tafiya ba ka sani ba.

Ka san kuma irin birkin hannunka. A Tundra ta 2007 zuwa 2021 da wasu da yawa, akwai 'yar ganga a cikin tsakiyar faifan mai nata ƙananan lainin, ba ruwanta da fad. A wasu wayar birkin hannu a jikin kalifa take, tana matsa fad ɗin kansa. Sababbin F-150 da yawa kuwa na lantarki ne, maɓalli ake dannawa.

Kayan aiki

Jak da ƙarafan tokare mota guda biyu, waji, sifanoni da soket, ma'aunin kauri ko ƙaramar rula mai milimita, buroshin waya, samfefa, magagari, abin matse fistan, siririn tiyo mai garai-garai da kwalba, man birki sabo a rufe, giris ɗin silikon na birki, ruwan feshin wanke birki, alli ko maka, da 'yar waya ta rataye kalifa. Idan da ma'aunin zafi mai nuni da haske, zai rage maka wahala.

Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma ka dogara da bulo, yana fashewa ba sallama.

Mataki na farko: gwajin zafi

Kafin ka kwance noti ko ɗaya, hau miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso ka yi tafiyar kamar minti goma ba tare da yawan taka birki ba. Ka bar motar ta rage gudu da kanta, ka tsaya da ɗan taki kaɗan. Sauko ka zagaya tayoyi huɗu. Kusantar da bayan hannunka ga kowane wili, kada ka taɓa faifan, yana ƙona fata nan take. Tayoyin baya biyu ya kamata ɗuminsu ya zo kusan ɗaya. Wanda ya fi zafi sosai, ko yake warin ƙonewa, ko wilinsa ya fi yin baƙi da ƙurar birki, shi ke riƙewa. Idan duka biyun na baya sun fi na gaba zafi bayan irin wannan tafiya, ka riƙe wannan a ranka, domin yana nuna abin da ya haɗa su ne ke da laifi.

Mataki na biyu: ɗaga baya, ka gwada kafin ka wargaza

A fili mai ƙwari, sa waji gaba da bayan tayoyin gaba. Sassauta notocin baya, ɗaga motar, tokare aksil ɗin ta gefe biyu, sa giya a firi, sauke birkin hannu. Mai jan taya huɗu ta kasance a jan biyu. Cire tayoyin, ka mayar da noti biyu a kowane gefe don su riƙe faifan a zaune.

Sa wani ya taka birki da ƙarfi sau biyar ko shida ya saki, kai kuma nan take ka juya faifan da hannu. Zai yi ɗan nauyi saboda kana juya har da bak-aksil, wannan ba komai ba ne. Abin dubawa shi ne bambancin hagu da dama, da kuma ko nauyin ya ƙaru bayan an taka an saki.

Idan gefe ɗaya ya cije, ga gwajin da ke raba gardama, kuma yanzu ake yin sa, tun kalifa tana ɗaure. Sa siririn tiyon nan mai garai-garai a bakin notin fitar da iska na jikin kalifa, ka buɗe shi kaɗan. Idan mai ya yi tsartuwa faifan kuma ya saki, to kalifa ba ta da laifi, matsin mai ne ya maƙale bai koma ba. Idan ka buɗe faifan na nan a cije, matsalar ta ƙarfe ce: fistan, ko fil, ko mazaunin fad, ko birkin hannu.

In matsin mai ne, sai a nemo inda ya maƙale. Tiyon birki na roba yana lalacewa ta ciki alhali ta waje lafiya lau. Ɓallin roba kan zama kamar ƙyaure, mai ya wuce da ƙarfin ƙafa amma ya kasa dawowa. Ƙarfen da ke maƙale tiyon ma idan ya yi tsatsa yakan shaƙe shi. A a-kori-kura akwai tiyon da ke saukowa daga shasi zuwa aksil, sannan bututun ƙarfe ya rabu hagu da dama, sannan gajeren tiyo a kowace kalifa. Gajeren gefe ɗaya yake shafa. Na tsakiya kuwa, a motar da tiyo ɗaya ke ciyar da baya duka, tayoyi biyun yake riƙewa. Sake sa a taka birkin ya cije, sai ka sassauta mahaɗin da ke saman tiyon, ta wajen shasi. Idan bai saki ba amma yana saki ta notin iska, tiyon ne. Idan ya saki tun daga sama, matsalar tana gaba: masta (famfon da feda ke turawa ya aika man birki), ko akwatin ABS (na'urar hana taya kullewa idan an taka birki), ko fedar birki da ba ta komawa sama gaba ɗaya. Wannan na ƙarshe yakan biyo bayan canjin masta ko taɓa makunnin fitilar birki, inda aka ɗaure shi har ya hana feda dawowa ƙarshenta. Taɓa fedar da yatsa, ya kamata ka ji ɗan wasa kafin ta fara tura wani abu.

Mataki na uku: ciro fad huɗu, ka karanta su

Kwance ƙusoshin kalifa, ka zare ta, ka rataye da waya a jikin sifirin. Kada ka bar ta tana lilo a kan tiyo, ta nan ake kashe tiyo da yawa. Idan kalifar ta ƙi zaruwa sai da ƙarfe, wannan ma shaida ce.

Kafin ka ciro kowane fad, rubuta a bayansa: hagu ciki, hagu waje, dama ciki, dama waje, da alamar wane kai ne sama. Lura da yadda ya fita. Fad mai lafiya da yatsa ake zare shi. Wanda sai an doke shi da guduma, da ma can ba ya motsi.

Auna kaurin naman kowanne a kai biyu, ban da ƙarfen baya. Sabo yakan kai milimita 10 zuwa 12. Idan ya sauko milimita 3, lokacin canji ya yi. Bambancin milimita ɗaya tsakanin na ciki da na waje ba abin damuwa ba ne, na ciki da ma yakan ɗan riga. Idan bambancin ya kai milimita 3 zuwa sama akwai magana.

Na ciki ya ƙare, na waje da sauran nama: ko fil sun cije kalifa ta daina zamewa, fistan na ta tura na ciki shi kaɗai, ko fistan ɗin ne ba ya komawa. Wannan ya fi kowane yawa, ya kuma fi yaudara, don idan ka leƙa ta wili na waje kake gani, sai ka ɗauka kana da sauran birki.

Na waje ya fi cinyewa: kalifa tana matsowa amma ba ta sakin jiki ta koma, ko kunnuwan fad ɗin na waje sun maƙale a mazauninsu.

Fad ya cinye a karkace, kai ɗaya siriri ɗaya mai kauri: fil ɗaya ya cije ɗaya na motsi, ko robar fil ta cinye kalifa na girgiɗi, ko kunne ɗaya ya maƙale.

Gefe ɗaya na mota ya ƙare duka biyu, ɗaya gefen kamar sabo: a nan ake yawan kuskure. Kowa yakan rufar wa gefen da ya ƙare, alhali mai yiwuwa ne shi ke aiki daidai, wancan mai kyan ganin ne ya daina kamawa tuntuni, ya bar ɗan'uwansa da aikin biyu. Dubi faifan gefen mai kauri. Idan fuskarsa ta yi tsatsa ba ta ƙyalli, ba ya aiki. A tsofaffin motoci ma akan tarar wani ya taɓa toshe bututun gefe ɗaya da gangan don tsayar da yoyo, aka manta da shi haka nan. Buɗe notin iskan wannan gefe a taka birki, ka ga ko mai na zuwa.

Fad ya yi santsi yana ƙyalli, ya tsattsage, ko gefensa na marmashewa, faifan ya yi shuɗi-shuɗi: zafi ne ya yi yawa. Fad ya jiƙe ya yi baƙi da danƙo, da warin man giya: oyil sil na aksil ke yoyo. Irin wannan ba ya wankuwa, sai canji.

Duka huɗun sun cinye daidai wa daida, sai dai da wuri: mai yiwuwa babu abin da ya cije. Duk da haka ka bi matakan da ke tafe, sannan ka karanta sashen lodi.

Mataki na huɗu: fil da mazaunin fad

Nan ne mafi yawan matsalar take, nan ne kuma aka fi tsallakewa, don aikin na cin lokaci ba ya kawo kuɗi.

Zare kowane fil. Ya kamata ya shige ya fito da yatsa biyu. Kada ka musanya su, a motoci da yawa ɗaya yana da 'yar roba a bakinsa kuma raminsa daban ne. Goge tsohon giris, ka wanke ramin har ƙasa da tsumma a jikin siririn ƙarfe. Tsatsa sama-sama samfefa mai laushi za ta ɗauke. Fil da ya yi rami-rami ko ya lanƙwashe a canza shi. Robar da ke rufe bakin fil idan ta yage ko ta saki, ita ce ƙofar ruwa da ƙura, kuma ba ta da tsada.

Batun giris ina so a ji shi da kyau. Giris ɗin boris na gama-gari, wanda ke cikin kowane gwangwani a gareji, daga man fetur aka samo shi, robobin birki kuwa ba sa shiri da shi. Yana kumbura su. Ranar da aka shafa komai na zamewa sumul, bayan wata biyu robar ta kumbura ta shaƙe fil ɗin fiye da da. Haka wanke robobin da fetur ko kananzir ko baƙin mai. Giris ɗin silikon na birki kaɗai ake sawa, shi ma shafi kaɗan. Idan ka cika ramin da shi, iska ta rasa mafita, fil ɗin zai riƙa turowa waje.

Sai mazaunin. Kwance shi daga aksil, ka ɓalle siraran ƙarafan da kunnuwan fad ke zama a kai. Ƙarƙashinsu tsatsa take taruwa, ta kumbura, ta ɗaga su, ta matse fad. Motocin da aka shigo da su daga Kanada da arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, sun fi fama da wannan, ko da jikinsu na sheƙi. Namu kuma na gida shi ne lakar damina da ke bushewa a wurin, da ƙurar hunturu da ke haɗuwa da giris ta zama kamar ƙasa. Kankare wurin da buroshin waya da magagari har farin ƙarfe ya fito, ka shafa giris kaɗan a ƙarƙashi, ka sa sababbin ƙarafan. Gwada sabon fad a ciki, ya riƙa zamewa da yatsa ba tare da girgiɗi ba. Idan ya matse, fentin da ke kunnensa za ka ɗan goge, kada ka ci ƙarfen har ya yi sako-sako.

Ƙurar birki kuma ba a hure ta da baki ko da iskar kwamfuresa. Wasu fad masu araha na iya ƙunsar asbesto. Fesa ruwan wanki ka goge.

Mataki na biyar: fistan

Ɗaga gefen robar da ta rufe fistan ka leƙa. Tsatsa, ko laka, ko jiƙar mai, duk alamar kalifar na son gyara ne. Buɗe notin iska da tiyo a bakinsa, ka tura fistan a hankali. Buɗewar na sa dattin man da ya daɗe a kalifa ya fita waje maimakon ya koma sama cikin ABS. Mai lafiya yakan shige sumul. Wanda ke tafiya da tsalle-tsalle, ko sai an sa dogon ƙarfe, ya cije.

Idan birkin hannunka a jikin kalifa yake, fistan ɗin murɗa shi ake yi yana shiga, ba turawa kawai ba. Idan na lantarki ne, sai an sa shi a yanayin gyara tukuna, ta hanyar da littafin motar ya bayyana ko da na'urar gwaji. Tura shi da ƙarfi na kashe ɗan injin da ke bayansa.

Fistan mai ɗan datti akan wanke shi da man birki a sa sababbin robobi. Wanda ya yi rami ko ya tsage, canji ne. Idan za ka sayi kalifa ta hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, tafi da tsohuwar, ka gwada fistan da fil a gaban mai kaya. Wajen ɗaurawa ka tabbata notin iska yana sama. Ta hagu na hawa dama, amma notin zai koma ƙasa, kuma iska ba za ta taɓa fita ba komai yawan bugun feda.

Mataki na shida: birkin hannu, faifai da boris

Ja birkin hannu ka sauke, kana kallon hannun da wayar ke ja a kowane gefe. Ya koma har ƙarshe da kansa. Wayar da ta yi tsatsa a cikin kubenta tana jawuwa amma ba ta komawa, musamman a motar otomatik da mai ita bai cika amfani da birkin hannu ba. A mai 'yar ganga, lainin da ke gogawa ba ya cin fad kai tsaye, amma yana dafa faifan, zafin kuma ya busar da giris ɗin fil.

A gefen faifai ko tsakiyarsa an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, galibi bayan haruffan MIN TH. Auna a wajen da fad ke takawa, ba a bakin da ya yi tudu ba. Faifan da ya gaza wannan adadi, ko ya yi kwari masu kama farce, ko tsatsa ta ci fuskarsa ta ciki, zai cinye sabon fad cikin ɗan lokaci. Duba fuskar ciki da kyau, ita ce ba a gani. Ana canza faifai biyu-biyu. Kafin ka ɗora sabo, kankare fuskar da zai zauna a kai, don ɗan tsatsa kaɗan a nan ya isa ya sa shi rawa.

Kama bakin aksil ka girgiza sama da ƙasa. Wasa a nan na nufin boris ya tafi, shi ne kuma yakan kashe oyil sil.

Idan komai lafiya amma baya na ci gaba da riga gaba

Fara da lodi. A motoci da yawa, a jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takardar da ta faɗi nauyin da motar za ta ɗauka, har da mutanen ciki. Tundra duk girman nan nata, a yawancin samfuranta abin bai kai tan ɗaya ba. Buhun siminti ashirin tan ɗaya ne cif. Motar da kullum ke cike da buhunan masara, ko take jan tirela, birkin bayanta na aikin da ya fi ƙarfin ƙananan fad ɗinsa.

Motocin zamani kuma suna da tsarin EBD, wanda ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya ta lantarki, ya ƙara wa baya idan akwai nauyi a kansa. Ga kuma na'urar hana taya sulɓi, wadda ke kama birkin tayar da ke juyawa a banza. A cikin yashi ko laka tana iya yin haka ba ƙaƙƙautawa kai ba ka taɓa feda ba, sai dai ka ga fitila na ƙyaftawa a dashbod. Mai yawan bin hanyar ƙauye da damina zai ga bayansa na saurin ƙarewa, ba tare da wani abu ya lalace ba. Tayoyin da girmansu bai zo ɗaya ba, ko wata ta saɓe da ƙarancin iska, suna rikita waɗannan na'urori, domin da saurin juyawar kowace taya suke lissafi. Fitilar ABS da ta daɗe a kunne ma a sa na'ura a karanta ta, a daina rufe ta da salatif.

Tsofaffin motoci marasa wannan tsari suna da bawul a jikin shasi ta baya, da dogon ƙarfe da ya haɗa shi da aksil. Idan baya ya zauna, sai ya ƙara wa birkin baya matsi. Sifirin da ya gaji ya kwanta yakan sa bawul ɗin ya ɗauka kullum akwai lodi. Ƙara wa sifirin ganye kuma yana karkatar da shi ta ɗaya ɓangaren. Duk wanda ya taɓa tsayin baya, ya kamata a sake saita wannan bawul.

Kada a manta da gaba. Idan birkin gaba ya yi rauni, baya ke biya. Kalifar gaba ta Tundra fistan huɗu gare ta, ɗaya ko biyu na iya cijewa direba bai ankara ba. Haka idan an sa fad mai tauri a gaba, mai laushi a baya.

Sai tuƙi. Mai sauko da lodi daga Hawan Kibo, gangaren nan na hanyar Jos, ƙafarsa a kan birki tun daga sama har ƙasa, ya gama da fad ɗinsa a sauka ɗaya. Ana saukowa ne da ƙaramar giya, a taka da ƙarfi a saki, a bar birki ya sha iska.

Haɗawa da gwaji

Ana canza fad na gefe biyu tare, kamfani ɗaya. Mai ɗan harshen ƙarfe da ke ƙara idan nama ya ƙare, a yawancin motoci ciki yake zama. Giris kada ya taɓa fuskar fad ko faifai. Duba tiyo bai murɗe ba. Idan ka kwance shi daga kalifa, sa sababbin wasan tagulla.

Man birki na DOT 3 da DOT 4 (lambobin da ke nuna irin man) yana shan danshi daga iska. Sabon DOT 3 sai ya haura digiri 205 a ma'aunin Celsius yake tafasa, amma idan ya sha ruwa yakan sauko kusan 140, ruwan kuma shi ke sa fistan tsatsa ta ciki. Idan man ya yi duhu, ko ya wuce shekara biyu zuwa uku, a canza shi gaba ɗaya. Yi amfani da wanda aka rubuta a murfin tankin. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da su. Wajen fitar da iska akan fara da tayar da ta fi nisa da masta, wato baya dama a motar da sitiyarinta ke hagu, sai dai in littafin motar ya ce wani abu daban. Kada tankin ya ƙafe ana cikin aiki.

Ɗaure notocin taya a tsallake-tsallake, da sifana mai auna ƙarfi in akwai. Ɗaurin da yaran gareji ke yi da hawa kan dogon bututu na iya karkatar da zaman faifai. Kafin motar ta motsa, buga feda har ta yi tauri, don takun farko bayan an tura fistan ƙasa yake tafiya babu birki.

A hanya marar mutane, kai gudun kilomita 60 ka taka matsakaici zuwa kamar 10, ba tare da tsayawa cak ba. Maimaita sau takwas zuwa goma, sannan ka yi tafiyar 'yan mintuna ba birki don su huce. Washegari sake gwajin zafin nan na farko. Rubuta kaurin sababbin fad huɗun da lambar kilomitar motar a takarda ka ajiye cikin mota. Bayan kilomita 3,000 zuwa 5,000 cire tayoyin baya ka sake aunawa, na ciki da na waje, hagu da dama. Motar da ke shiga ruwa da laka kuwa, a buɗe fil ɗinta a sake musu giris duk ƙarshen damina, ko da fad ɗin na da sauran nama.